Tumakin Malam Isufu

Mutumin da ya fara ba ni ruwa a New York ladan ne. Ba zan tsaya ba ku labarin yadda na iso ba, wanda ya bi hanyar ya san abin da ƙafarsa ta taka, wanda bai bi ba kuwa ko na faɗa cewa zai yi na ƙara gishiri. Na dai sauka daga bas da leda ɗaya a hannu da lambar wayar wani ɗan unguwarmu na Funtuwa. Na kira lambar nan har kunnena ya yi zafi, ba a ɗaga ba. Daga baya na gan shi a titi na 125 yana cin gyaɗa, ya dube ni kamar bai taɓa ganin mai irin hancina ba. Allah ya isa, na wuce abina.

Wani direban tasi ɗan Gana ne ya nuna mini wani masallaci a Harlem, a ƙarƙashin shagon kitso, sai ka sauka matakala kamar mai shiga rijiya. Na tarar da wani siririn dattijo yana share shimfiɗu. Ya dubi fuskata, ya dubi takalmana, sai ya ajiye tsintsiya ya ɗebo ruwa a kofin roba.

"Sha, ɗana. Daga ina anka hito?"

Malam Isufu ke nan, mutumin Tasawa ta Nijar. Ya haura shekara ashirin a Amurka, ba takarda, ba gida, ba mota, ko sau ɗaya bai koma ya ga iyalinsa ba. Abu ɗaya ya mallaka a duniya, sunansa. Shi ke kiran sallar Juma'a, kuma in ya ɗora hannu a kunne har masu kitso a sama sukan rage waƙa. Mai tafiya gida shi yake bar wa makullin ɗaki. In 'yan Nijar da 'yan Gana suka yi rigima kan wurin baza kaya, abin da Malam Isufu ya ce shi ke nan. 'Ya'yansa mata a Tasawa da sunan nan aka aure su, ana cewa ubansu shi ne ladanin Musulmin Amurka. Ya ba ni gefen katifarsa, ya kuma mayar da sunana Lawali, ni da ake kira Lawal tun haihuwa. Ban taɓa gyara masa ba.

Zangon farko da ya kai ni shi ne Canal Street. Jakunkunan mata da tabarau muke sayarwa a kan zani a bakin titi. Shi ya koya mini yadda ake zura igiya a kusurwoyin zanin, da ka ji an yi fito sai ka ja sau ɗaya kaya su dunƙule, ka saɓa ka shige cikin mutane. Na iya gudu, na iya murmushin ƙarya, na iya Turancin ciniki wanda bai wuce na farashi da rantsuwa ba. Masu sarin kaya suka cuce ni son ransu, su ba ka jaka goma ka tarar uku ba zif, ka koma su ce ba su san ka ba. Sanyi ya fasa mini leɓe. Wata rana wata mata ta sayi tabarau, ta ƙi karɓa daga hannuna, ta ce in ajiye a ƙasa ta ɗauka. Ranar na tuna mahaifiyata sai da na shiga bayan wata motar kaya na yi kukana.

Sai aka fara sintiri na gaske. Ba 'yan sandan da muka saba ba, masu kwashe kaya su tafi. Waɗannan jami'an shige da fice ne, mutum suke nema. Ranar da suka rufe titin ta gaba da baya, na tsira da rigar jikina, Malam kuma ya faɗi kan gwiwa wajen gudu, wani ɗan Sanagal ya ja shi cikin shagon kifi. Kayanmu duka suka tafi. Muka koma ɗaki muna kallon bango, mai gida kuma yana ƙwanƙwasa ƙofa.

A nan Alhaji Tanko ya shigo rayuwarmu, kuma ba na fatan ko maƙiyina ya haɗu da irinsa. Mutumin sahun gaba ne, turarensa na riga shi shigowa masallaci. Yana da ƙananan bas-bas da ke kai leburori gonaki can arewacin jihar. Bayan sallah ya riƙe hannun Malam da hannu biyu.

"Malam, shekarunka sun wuce gudun titi. Akwai wani Bature mai gona, kiwo ne kawai, tumaki. Iska mai kyau, ba jami'in da ke leƙawa. Ku tafi Asabar, ku dawo Alhamis, Juma'a kana nan ka yi mana kiran sallah."

Malam har da hawaye wajen yi masa addu'a. Ya ce shi da ma da kiwo ya tashi.

Tafiya ce mai tsawo. Benaye suka ƙare, gadoji suka ƙare, sai gonakin masara ba iyaka. Warin ne ya fara tarar mu kafin mu ga komai. Ni dangin uwata makiyaya ne, na san warin tumaki tun ina goye, wannan ba shi ba ne. Direba ya sauke mu a gaban wasu dogayen rumfunan kwano masu fankoki a jiki, ya juya motarsa ko sallama babu. Daga ciki muka ji ihu, kamar ana yanka yara.

"Lawali, wannan kukan mi ne ne?"

Muna nan tsaye sai Baturen ya fito da takalman roba, ya buɗe ƙofa. Aladu ne, maƙil, iya ganinka. Malam ya ja da baya har ya zauna a ƙasa, yana ta innalillahi. Ina za mu? Ba bas, ba tasha, ba mu san ko sunan garin ba. Muka sa takalman roba.

Ranar Alhamis muka tare Alhaji Tanko a bakin garejinsa. Na ce, "Alhaji, ka ji tsoron Allah. Ka san inda ka kai mu?"

Ya yi murmushi yana jan carbi. "Ni tumaki aka ce mini. In ba ku so, akwai masu jira." Sai ya juya wajen Malam ya sassauta murya. "Amma Malam, ka riga ka kwana can, ka riga ka taɓa. Direbobin nan ba su da baki mai kyau, ni nake taka musu burki. In kana cikin mutanena, ba wanda zai ji. In ka fita, to, ban san abin da za su faɗa ba."

Kun ji yadda aka ɗaure dattijo ba da igiya ba. A cikin jirgin ƙasa muna komawa Harlem ya damƙi hannuna har na ji zafi.

"Lawali, tumaki muke kiwo. Ka ji? Ko liman ya tambaye ka, ko lokotoron asibiti, ko matarka in ka yi arme. Ka yi mini alkawali."

Na yi masa. Daga ranar bai taɓa kiran dabbar nan da sunanta ba, ko a gonar. Sai ka ji ya ce, "An ba tumakin ɗakin tsakiya ruwa?" Da farko abin ya ba ni dariya, daga baya na ji kaina ni ma ina faɗa.

Aikinmu wankin ɗakuna ne. Daɓen yana da tsaga-tsaga, kashi na zuba cikin wani rami a ƙasa, abin da ya maƙale kuma mu za mu kore shi da tiyo mai ƙarfi. In ka saki ruwan nan sai ƙazanta ta tashi kamar hayaƙi, ta sauka a fuska, a gemu, a leɓe. Takunkumi babu, safar hannu in ta yage ta yage ke nan. Mafi muni ɗakin ƙanana, waɗanda aka raba da iyayensu aka haɗa wuri guda. Wannan ya yi kashi, wancan ya tura hanci ciki, duk su je su tsotsi famfo ɗaya. Amma fa ƙalau suke, ɓul-ɓul, ba mai tari, ba mai kwanciya. Ko a mafarki ban kawo cewa akwai ciwo a jikinsu ba.

Ni da sabulun Baturen nake wanka. Malam kuwa ya ce sabulu wasa ne.

"Wannan dauɗa ƙasa ita ka ɗauke ta. Wanki bakwai, guda da ƙasa, haka munka iske."

Kafin kowace sallah sai ya zaga bayan rumfa ya ɗebo ƙasa, ya murje hannuwansa da ita har zuwa gwiwar hannu, sannan ya yi alwala, ya kurkure baki, ya shaƙa ruwa. Hannun nan ya tsage har yana jini. Filin da yake ɗebo ƙasar kuwa, nan ne tankar gona ke fesa abin da aka zuƙo daga ramin, don taki. Na faɗa masa. Ya ce ƙasa ba ta ƙazanta, Allah ya yi ta mai tsarki, in rufe masa baki.

Juma'a a Harlem ita ce azabar da ta fi. Tun Alhamis zai yi wanka, ya ƙulle kayan aiki a leda biyu, ya yi turaren wuta. Da mun fito sai gaisuwa ta ko'ina.

"Malam, ya tumaki?"

"Tumaki lahiya lau."

Kuma wanda ya fi kowa ɗaga murya wajen tambayar, a tsakiyar jama'a, Alhaji Tanko ne. Da Layya ta matso mutane suka yi ta zuwa, Malam a zaɓo mana rago mai kyau a gonarku. Ya ce Baturen ya riga ya sayar da su duka. Na ga yadda ƙaryar take fita daga bakinsa kamar ana cire masa haƙori. Wuri ɗaya yake samun sakewa, shagon Hajiya Ramatu, 'yar Zangon Kumasi mai tuwo da wake da shinkafa, wadda kullum sai ta ƙara masa tsoka ta ce ladan ba ya biya.

Ita ce ma ta fara gani. Ya ture kwanon bai ci ba, ta leƙa fuskarsa.

"Ei, Malam! Dubi idonka. Shawara ne wannan. Ka rame paa!"

Idanun nan sun yi ɗorawa, fitsarinsa kamar shayi ba madara. Ta samo masa sassaƙen rawaya ya yi ta sha. Bai hana shi komawa gona ba, sai da Baturen ya tarar da shi kwance a jikin shinge, ya kira Alhaji Tanko ya ce a zo a ɗauke shi, ba ya son gawa a gonarsa. Direba ya zube mu a bakin wata tashar jirgi a Bronx. Daga nan na goya shi kusan, har asibiti.

Likitar da ta karɓe mu yarinya ce, ba ta fi ƙanwata ba, amma tana da kirki. Bayan gwaji ta ce Malam ya daɗe da wani tsohon ciwon hanta a jikinsa bai sani ba, irin wanda da yawanmu muke tahowa da shi daga gida. Sai dai ba shi kaɗai ba ne, wani sabon abu ya faɗo a kansa, shi take nema. Ni nake fassara da Turancina na titi. Giya? A'uzubillahi. Magani? Na nuna mata rawayar, ta karɓe. Tafiya? Babu. Aiki?

"Kiwo," in ji Malam.

Kiwon me?

Ya ɗago idanunsa masu ɗorawa ya kafe ni da su. "Tumaki."

Na faɗa mata da Turanci kamar yadda ya faɗa, ta rubuta. Ashe tumaki ma suna da nasu cututtukan da ke kama makiyayi su taɓa hanta, sai ta bi wannan sawun, aka ɗora shi kan maganinsu. Kullum na zo sai na tarar ya fi jiya lalacewa. Ciki ya kumbura, ƙafafu suka kumbura. Ya fara kirana da sunan wani ƙanensa da ya rasu tun da daɗewa. Wata rana da hantsi ya tashi zaune a gado ya ɗora hannu a kunne ya fara kiran sallah, ma'aikata suka rugo. Na tsaya ina kallonsa, tsoro ya kama ni irin wanda ko a hanya ban ji ba.

Likitar ta ja ni waje. Ta ce hantar tana gazawa, maganin ba ya aiki, kuma tana jin akwai abin da ba a faɗa mata ba. Ta ce in ina son mutumin nan in yi tunani da kyau.

Ba dogon tunani na yi ba. Mutumin da ya ba ni rabin katifarsa yana mutuwa a gabana saboda kalma ɗaya. Na ce mata ba tumaki ba ne, na faɗi sunan dabbar. Har yau ban ga laifina ba, kuma duk mai cewa na yi laifi ya zo ya tsaya inda na tsaya.

Ta runtse ido, ta ja numfashi. Ta yi mini bayani a hankali yadda zan gane. Akwai ciwon hanta da suke kira nau'in E, ƙwayarsa na zaune a garken aladu, ta fi yawo tsakanin ƙanana, kuma ba ta nuna komai a jikinsu. A kashinsu take fita, daga nan ta shiga ruwa da ƙasa da hannun mai aiki, ta kai baki. Mafi yawan mutane ta shiga ta fita ba su ma sani ba, ta ce wataƙila ni ma ta bi ta jikina. Amma dattijo mai tsohuwar hanta mai rauni, ita ce ke kayar da shi. Gwajinta ba ya cikin waɗanda ake fara yi, sai an san abin da ake nema an aika da jini wani wuri. Nan take ta sa aka tsayar da wancan maganin.

Na roƙe ta. Na ce sirri ne, kada kowa ya ji. Ta dafa kafaɗata ta ce in kwantar da hankalina, su a asibiti ba sa kai rahoton kowa wurin hukuma. Na ji sanyi a raina, na yi godiya. Wawa ni! Ita tunaninta takardu nake tsoro. Ina Turancin da zan gaya mata cewa jami'an shige da fice sun fi sauƙi a kan mutanen da ke kawo masa kunu?

Allah cikin ikonsa, da aka canza masa magani sai ya fara dawowa hayyacinsa. Ya gane ni, ya sha ruwa, ya tambayi alƙibla. Labari ya kai Harlem, ranar Lahadi 'yan dubiya suka cika ɗakin. Ga Liman a kan kujera, ga Alhaji Tanko da ledar lemo, ga Hajiya Ramatu da fulas ɗin koko, ga wasu dattawa biyu a tsaye. Ana cikin addu'a likitar ta shigo da fara'arta, tana turo wani allo mai taya, irin wanda tafinta ke magana ta ciki. Sakamako ya fito, ta ce wannan bayani ya fi ƙarfin Turancina.

Tafintan wani mutum ne mai Hausar rediyo, tas-tas. Ya ce, "Baba, likita tana tambaya, za a yi magana kan lafiyarka, ko baƙin su ɗan ba da wuri?"

To, wane Bahaushe ne zai kori liman daga ɗakinsa? Malam ya ce, "Haba, 'yan uwana ne. Ba ni da abin ɓoyo gare su."

Na yi wuf na ce, "Baba, bari dai su..."

"Lawal," in ji Liman, "manya na magana."

Likitar ta yi magana, tafinta ya juya. "Ta ce an gano ciwon, alhamdulillahi. Ka same shi ne daga aladun da kake kiwo. Tana so ta san ko akwai wasu da kuke aikin aladun tare, don su ma a gwada su."

Sau biyu ya faɗi sunan dabbar, da muryar nan mai daɗi. Malam bai dubi kowa ba sai ni. Bai yi fushi ba a lokacin, kallon mamaki ne, kamar yaron da uwarsa ta mara ba dalili. Sai ya ja bargo ya rufe fuskarsa.

Wanda ya fara magana Alhaji Tanko ne. "A'uzu billahi minash shaiɗanir rajim! Malam? Alade?"

Kaina ya yi zafi. Na ce, "Kai ka kai mu! A motarka muka je, munafuki!"

Ko gezau. Ya buɗe hannuwa ya dubi Liman. "Ni tumaki na sani. Duk Juma'a a gabanku nake tambayarsa ya tumaki, da bakinsa yake cewa lafiya lau. Ko ba a yi haka ba?"

An yi haka. Dattawan suka gyaɗa kai. Likitar ta ga fuskoki sun canza, ta rasa abin da ya faru, ta shiga bayani cewa ciwon ba ya bin gaisawa ko cin abinci tare, kada kowa ya ji tsoro. Tafinta yana ta juyawa, mutane suna ta neman takalmansu da ido. Liman ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya fita bai ba da hannu ba. Hajiya Ramatu ce ta ƙarshe, ta tsaya tana share hawaye da gefen mayafi, ta ajiye fulas ɗin a kan tebur ta ce a bar shi, ba sai an mayar ba.

Kafin a sallame shi magana ta gama Harlem da Bronx, ta tsallaka teku. Kuma a hanya ta canza kama, daga kiwo ta koma ci. Kun san hujjarsu? Ni. Suka ce ai Lawal ma aikin ya yi, ga shi nan garau yana yawo, me ya sa sai tsohon? Ashe shi ci yake yi a ɓoye. Na bi shago-shago ina bayanin tsohuwar hanta da ƙasar da yake murza hannu da ita, suna kallona suna cewa Allah sarki, yaron kirki, yana rufa wa maigidansa asiri. Ni ba wanda ya tsane ni, don da ma ni ba kowa ba ne. Masu makullai suka zo suka karɓi abinsu ta hannuna. Daga Tasawa saƙon murya ya zo, babbar 'yarsa tana kuka, dangin mijinta sun ce ashe da abin da aka yi mata kayan ɗaki ke nan. Ya saurara har ƙarshe, ya kife wayar. Gonar kuwa, da ma'aikatan lafiya suka leƙa, Baturen ya sallami leburorinsa kaf, Alhaji Tanko ya samo wata gonar ya ci gaba da lodinsa.

Muka koma ɗakinmu. Ina dafa masa abinci ba gishiri kamar yadda aka ce, yana ci, amma ba ya yi mini magana sai ta dole. Hajiya Ramatu ba ta daina aiko da koko ba, sai dai yanzu a kofin takarda yake zuwa.

Da ya ji ƙarfin ƙafa ya ce zai je Juma'a. Na ce ya bari tukuna, ya yi kamar bai ji ba. Ya yi alwalarsa tun a gida don kada ya taɓa butar kowa, ya sa farar rigarsa da ta yi masa yawa. Muka shiga da wuri, ya zauna inda ya saba zama, kusa da lasifika. Ba wanda ya zage shi, wallahi da zagin ma ya fi. Kowa ya shigo sai ya ce Malam ya jiki daga nesa, hannu a ƙirji, ya nemi wuri can gefe.

Lokaci ya yi. Ya dafa ƙasa ya miƙe a hankali, ya gyara murya. Sai ga hannun Alhaji Tanko a kafaɗarsa, da gefen babbar riga ya dafa shi.

"Malam, zauna ka huta. Ba ka da lafiya."

Wani mai shagon waya ya karɓi lasifikar, ya yi kiran da muryarsa kamar ana jan kujera. Malam ya zauna, yana amsa kowace kalma a hankali, yadda ake so mai sauraro ya yi.

Aka tayar da sallah. Liman ya juyo ya ce a daidaita sahu, kafaɗa da kafaɗa, a toshe kafa. Masallacin nan ya cika har matakala, mutane na sallah a bayan juna, amma dama da hagun Malam akwai filin da mutum zai tsaya. Ba wanda ya matsa. Na keto daga sahu na uku, ina taka ƙafafun mutane ban ba kowa haƙuri ba, na tsaya a damansa na haɗa kafaɗata da tasa. Ƙashi ne zalla. Liman ya yi kabbara, sai na ji kafaɗar ta janye daga tawa.

Ban san abin da aka karanta a sallar nan ba. Da aka sallame jama'a suka watse da sauri, muka rage mu biyu a sahun. Ya gama tasbihinsa, ya shafa, sannan ya yi magana bai juyo ba.

"Lawali."

"Na'am, Baba."

"Da ka bar ni na mutu, da duk waɗannan su za su ɗauke ni bisa kahwaɗa. Da har rigima za su yi wajen kama makara."

Na ce, "Baba, rai fa. Ranka na ceta."

"Na gani," in ji shi. "Ga shi nan ka ba ni. In kai shi ina?"

Ya lallaɓa ya miƙe ya ɗauki takalmansa. A gindin matakala na miƙa hannu zan riƙe shi, ya ɓoye nasa cikin riga. Ya hau shi kaɗai, yana dafa bango, ina biye da shi a baya ko zai faɗi.